Khashkhash ɗin Baba Abdulbaƙi

"Kada ka binne! La, la, ya waladi, ɗauke hannunka!"

Zaharadden ya janye yatsunsa daga bakin gwangwanin da sauri. Yana tsugune ne a saman bene, sanye da kayan aiki, ƙasa ta riga ta ɓata masa gwiwar wando. Maƙwabcinsa, Baba Abdulbaƙi, yana zaune a wata tsohuwar kujerar roba yana haki, hannu ɗaya dafe da ƙirji, ɗayan yana nuna gwangwanin.

"Baba, iri ne fa. A garinmu ko gero sai an rufe shi da diddige."

"Wannan ba gero ba ne. Haske yake so ya gani. Ka yafa kawai, ka danna da tafin hannu, shwayya shwayya, a hankali. Halas."

Zaharadden ya dubi abin da ke cikin kofin shayin. Irin ya fi ƙwayar yashi ƙanƙanta, baƙi-baƙi, don haka tsohon ya gauraya shi da yashi don kada ya zube wuri ɗaya. Mako biyu ya yi a firji cikin kwalin ashana, wai don ya zaci ya sha sanyin ƙasarsu. Gwangwanaye tara ne a jere a gindin katanga, manya-manya, irin na man girki, an huda ƙasansu da ƙusa. Zaharadden ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana yafawa yana dannawa, tsohon yana binsa da ido kamar mai tsaron tukunya a kan wuta.

Ɗan Malumfashi ne Zaharadden. Shekararsa biyu da rabi a Jidda, yana gwajin jini a wani ƙaramin asibiti a Sharafiyya. Matarsa Hindatu da 'ya'yansu uku suna gida. Ɗakinsa yana hawa na biyu a wani tsohon bene a Madain Fahd, kuma kafin ya san Baba Abdulbaƙi yakan yi kwana shida bai yi Hausa da kowa ido da ido ba, sai ta waya. Rannan aka ƙwanƙwasa masa ƙofa, ya buɗe ya ga dogon tsoho, baƙi, rame, da farar jallabiya da jarka a hannu. Tsohon ya fara da Larabci, sai ya ji rediyon Hausa na tashi daga wayar da ke kan gado, ya ce, "Ashe ɗan'uwa ne. Ruwan mukayyif ɗinka nake roƙo."

Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki yake nufi. Ya ce ruwan famfo yana da gishiri, yana ƙona tsiro, amma wannan mai daɗi ne kamar ruwan sama. Tun daga ranar Zaharadden ya sa bakin tiyon na'urar a jarka, kullum bayan sallar asuba ya hau da ita sama, inda tsohon yake zaune shi kaɗai a wani ɗaki da aka gina a kan rufin benen.

A Ruwais, wata unguwa a nan Jidda, aka haifi Baba Abdulbaƙi. Kakansa ne ya taso daga Haɗeja da ƙafa, ya yi shekara bakwai a hanya kafin ya ga Ka'aba, bai kuma koma ba. Shi jikan bai taɓa taka Najeriya ba, amma koren fasfo gare shi, da iƙama, katin izinin zama, irin ta kowane baƙo. Shekara arba'in da shida ya yi a bakin tanda yana gasa burodi. Gashin hannuwansa duk wuta ta cinye, fatar ta yi santsi. Matarsa Madina ta rasu shekara shida da suka wuce, 'yarsu ɗaya tilo, Wejdan, tana aure a Dammam, can ɗaya ƙarshen ƙasar.

"Baba, wai me ya sa ake ce masa kashkash?" Zaharadden ya tambaya yana kakkaɓe hannu.

"Khashkhash," tsohon ya gyara masa, yana fito da harafin daga maƙogwaro. "In fure ya faɗi, sai ya bar kwanso mai 'yar hula a kai. In ya bushe ka girgiza, ka ji khash, khash. Shi ya raɗa wa kansa suna."

Ya ba shi labarin a gutsure, kamar yadda yake ba da kowane labari. Yana ɗan shekara goma sha biyu aka kai shi wurin wani Babukhare mai tanda a Ruwais. Ranar Juma'a mutumin yakan yi wani burodi na musamman, ya shafa masa madara, ya barbaɗa wannan irin, ya ba yaran tanda guda ɗaya su raba. Daga baya irin ya ɓace daga kasuwa, aka koma riɗi da habbatus sauda. Sai shekara huɗu da suka wuce, abokin aikinsa Abu Majid, mutumin Sham, da zai bar ƙasar baki ɗaya, ya damƙa masa kwalin ashana. Ya ce daga bayan gidan mahaifiyarsa ne, jan fure ne da ke fitowa a gonakin alkama, yana da kyau a ido, irinsa kuma yana da daɗi a burodi.

"Sanyi uku ina shukawa, sanyi uku Jidda tana kashewa," in ji tsohon. "Na farko na binne, bai fito ba. Na biyu na dasa, ashe ba ya son a taɓa masa saiwa. Na uku na makara, zafi ya riske shi. Wannan da ka zuba shi ne ƙarshen kwalin."

"Allah zai sa ya yi."

"Burodi ɗaya nake so, Dakta. Ɗaya. Mu raba ni da kai."

Zaharadden ya sha gaya masa shi ba likita ba ne, amma tsohon bai taɓa canza sunan ba.

A rana ta goma sha biyu ƙasar gwangwanayen ta yi kore, siriri kamar gashin jariri. Baba Abdulbaƙi ya ɗaura tsofaffin buhunan fulawa a kan igiyar shanya don su tare ranar azahar. Da tsiron ya yi ganye huɗu ya sa Zaharadden ya yi masa cira, a bar uku-uku a kowane gwangwani, shi kuwa ya kawar da kai don kada ya gani. Bayan ban ruwa sukan zauna su sha shayi da na'ana'a, da burodin da tsohon ke gasawa a wata 'yar tandar lantarki. Iskar teku takan iso har nan da sassafe, da ɗan sanyinta. Ba su cika magana ba. Wani lokaci tsohon ya tambayi yadda Haɗeja take, Zaharadden ya ce shi ma bai taɓa zuwa ba, sai su yi dariya. Da wannan rabin awar yake shiga motar ma'aikata da sauƙin zuciya.

Shi ya jawo maganar da bakinsa. Wata ranar Talata a ɗakin cin abinci na asibiti, yana nuna wa Manal hoton ganyen a waya. Manal ita ce mai ba da magani, haifaffiyar Jidda, kakarta Bahaushiya ce, tana jin Hausa sarai amma bakinta ya fi saurin Larabci.

"Masha Allah. Latas ne?"

"A'a, kashkash ne. Na burodi."

Ta ajiye cokali. Ta dubi ƙofa, sannan ta dube shi.

"Khashkhash? Inta majnun? Ka haukace? Goge hoton nan. Yanzu."

"Fure ne fa kawai. Wani tsoho ne..."

"Mamnuʿ, ya Zaharadden. An hana. Daga danginsa ake fitar da abin maye. Ko ƙwayar da ake barbaɗawa a burodi ba a yarda a shigo da ita ba, balle shuka. Kai kuma a asibiti kake aiki. Ka san abin da za a ce?"

"Ya ce wannan ba irin wancan ba ne. Na gonar alkama ne."

"Yimkin. Wataƙila gaskiyarsa ne. Amma kafin a gano bambancin kana ina? Kafilin da ya ɗauko ka aiki zai tsaya maka? Yaushe iƙamarka za ta ƙare?"

Wata biyu ya rage. Ya goge hoton a gabanta, ya shiga inda wayar ke ajiye abin da aka goge, ya sake gogewa.  Ya tuna Hindatu, da babbar 'yarsu da ta shiga sakandare bana, da mahaifiyarsa da ake kai wa asibiti Katsina duk wata. Dukansu a kan wannan katin da ke aljihunsa suke tsaye.

Washegari bai hau sama ba. Ya ajiye jarkar a bakin ƙofarsa daga waje, ya rufe, ya tsaya a bayan ƙofar. Can ya ji takun tsohon yana saukowa, takalmin roba yana jan ƙasa, mataki ɗaya, hutu, mataki ɗaya. Takun ya tsaya a ƙofar. Zaharadden ya riƙe numfashi. Ba a ƙwanƙwasa ba. Ya ji an ɗaga jarkar, ruwan ya yi motsi a ciki, takun ya juya. Hawa uku ne tsakanin ƙofarsa da rufin, ya tsaya yana saurare har sautin ya ɓace. Da ya dawo daga aiki ya tarar da jarkar babu ruwa a inda ya ajiye ta, da burodi ɗaya a leda a rataye a hannun ƙofa.

Haka suka yi kwana tara. Ya canza masallacin asuba, ya koma wani da ke bayan titi. Burodin yakan ci rabi ya kasa cinye sauran.

Ranar Juma'a suka yi kiciɓis a matakala. Tsohon yana zaune a kan mataki, jarka a tsakanin ƙafafunsa, leɓɓansa sun yi toka-toka. Babu hanyar wucewa.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau, Dakta. Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi. Aikin ne ya yi yawa kwanan nan."

"Na'am." Tsohon ya nemi numfashi. "Wani ya gaya maka, ko?"

Zaharadden ya sunkuyar da kai.

"Laifina ne. Da na faɗa maka tun farko. Na ce a raina fure ne, wa zai hau bene biyar don ya kama fure? Kuma na ji daɗin samun mai hawowa." Ya shafa murfin jarkar. "Kana da iyali. Ni an haife ni a nan, an haifi ubana a nan, amma kati ɗaya muke riƙewa ni da kai, na san nauyinsa. Kada ka hawo. Wallahi ban riƙe ka da komai ba."

"Baba, to ka cire su mana. Don Allah. Ka shuka riɗi, ni zan nemo maka iri."

Tsohon ya yi murmushi. "Sun fara ɗaure kai. Ka san yadda suke yi? Kan yana sunkuye kamar mai jin kunya, sai ranar da zai buɗe ya miƙe." Ya dafa bango ya tashi. "Yalla, za ka makara masallaci."

Zaharadden ya miƙa hannu zai karɓi jarkar, tsohon ya riga shi ɗauka. Ya tsaya yana kallon bayansa har ya sha kwana.

Bayan kwana huɗu, da safe, ya fito zai tafi aiki ya ga jarkar a cike inda ya ajiye ta. Ya tsaya. Ya dubi matakalar da ta yi sama. Motar ma'aikata ta yi ƙaho a ƙasa, ya ce a ransa wataƙila tsohon barci ya ɗauke shi, ya sauka da gudu. A wurin aiki ya kira wayarsa sau biyu, ba a ɗauka ba. Bai nemi izinin fita ba. Sai bayan la'asar ya dawo, jarkar tana nan, ba burodi a hannun ƙofa.

Bibbiyu ya riƙa tsallake matakalar. Ƙofar ɗakin a buɗe take. Baba Abdulbaƙi yana zaune a ƙasa, ya jingina da gado, ƙafafunsa sun kumbura sun yi suntum, numfashinsa na fita da ƙara kamar ana jan ruwa da tsinke. A kan tebur ga kwaɓin fulawa a kwano, ya tashi ya zubo ta gefe, ya bushe.

"Baba! Tun yaushe?"

"Tun asuba." Da ƙyar maganar ta fito. "Ba su sha ruwa ba."

Shi da haris, mai gadin benen, suka sauko da shi a kan kujerar robar, kafin motar asibiti ta iso. Likita ya ce zuciya ce, ta daɗe da gajiya, ruwa ya taru a huhu. Ya tambaya ko majiyyacin yana aikin ƙarfi, Zaharadden ya ce a'a, sannan ya ce yana hawa bene da jarka. Likitan ya dube shi ta saman tabarau, ya ci gaba da rubutu. Zaharadden ya nemo lambar Wejdan a wayar tsohon ya kira ta. Ya yi mata Hausa, ta amsa da Larabci cikin kuka, ta ce mijinta Munir yana wurin aiki a cikin teku, sai jibi zai sauko, za su taho tare.

Washegari bayan asuba ya ɗauki jarkar ya hau. Mako biyu rabonsa da gwangwanayen. Shukar ta kai gwiwa, ganyen ya yi gashi-gashi, ya yi laushi don ƙishi. Kowane kara yana ɗauke da ɗan kai kore a sunkuye. Ya ba su ruwa a hankali ta gefen gwangwani yadda aka koya masa, yana waiwayen tagogin benayen da ke kewaye. Ba kowa sai tantabaru.

A safiya ta biyu ya tarar da ɗaya ya buɗe.

Ya daɗe a tsugune a gabansa. Ya ciro waya, ya buɗe kyamara, ya saita, sannan ya mayar da ita aljihu bai ɗauka ba.

Da yamma ya je asibitin. An sa wa tsohon robar iska a hanci, ya ƙara ƙanƙancewa a cikin farin zanen gado. Gadon da ke kusa da shi mutane sun kewaye shi da filas ɗin gahawa da dabino. Nasa gefen kujera ɗaya ce. Zaharadden ya jawo ta ya matso da bakinsa kusa da kunnensa.

"Baba, ɗaya ya buɗe."

Idanun suka buɗe. "Wanne?"

"Na uku daga wajen tanki."

"Na san shi zai riga. Ina hoto?"

Zaharadden ya ji kunya ta rufe shi. "Ban ɗauka ba."

"Maʿalesh, ba komai. Faɗa mini. Ja ne?"

"Ja ne."

"Kamar me?"

Ya yi ta nema. Jini ne ya fara zuwa masa, don shi yake gani kullum, ya ture shi. "Kamar... ka san jan attarugu in an wanke shi, rana ta haska? Amma ya fi shi. Kuma ba shi da kauri. Kamar takardar da ake naɗe alewa, in an murje ta an warware. Iska kaɗan sai ya kama rawa."

"Da baƙi a tsakiya?"

"Da baƙi. Huɗu, kowane kunne da nasa."

"Sadaƙ Abu Majid," in ji tsohon, ya lumshe ido. "Bai yi ƙarya ba." Har Zaharadden ya zaci barci ya ɗauke shi, sai tsohon ya ce, "Ni ban taɓa ganin furen ba, ka sani? Irin kawai na sani."

"Gobe zan kawo maka."

"Kada ka tsinke. Kwanson nake so."

"Akwai saura da yawa, Baba. Ashirin da wani abu. Ɗaya kawai."

Tsohon ya miƙo hannu. Ya lalubo hannun Zaharadden ya riƙe. Tafinsa santsi, da sanyi.

Da safe uku ne suka buɗe, na jiya kuma ya zubar da kunnuwansa a kan siminti. Zaharadden ya yanke ɗaya da almakashi, ya sa a kofin takarda da ɗan ruwa, ya kifa wani kofin a kai, ya saka a leda baƙa. Ya kira shugabansa ya ce zai makara. A cikin tasi ya riƙe ledar da hannu biyu a kan cinya. Sun tarar da cunkoso a kan gada, direban ya ce na'urar sanyin motar ta lalace, ya sauke gilashi. Kusan awa guda suka yi.

A bakin ɗakin majiyyata ya ga wata mata da baƙar abaya a zaune a ƙasa, ta haɗa kai da gwiwa, wani mutum a tsaye a kanta yana magana a waya a hankali. Bai taɓa ganinsu ba, amma ya gane tsayin matar ko a zaune. Ya leƙa ciki. An riga an cire zanen gadon.

"Inta Dakta?" mutumin ya tambaya. Munir ne. Ya ce sun iso da hantsi, sun same shi da sauran numfashi, ya gane 'yarsa, ya yi kalmar shahada. Minti arba'in ke nan da cikawarsa.

Zaharadden ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya koma gefen wata taga ya buɗe ledar. Kunnuwan huɗu duk sun faɗa cikin ruwan, sun yi duhu, sai karan a tsaye da ɗan koren kai. Ya mayar da kofin ya rufe, ya rasa inda zai ajiye, ya yi ta riƙe da shi har aka kira su sa hannu a takardu.

Bayan la'asar aka yi masa salla a masallacin unguwa. Sahu biyu ne da 'yan kai, yawancinsu waɗanda sallar ta riska ne. Mutum tara suka raka shi maƙabarta. Da aka zo saka shi, Munir ya waiga yana neman wanda zai shiga tare da shi, idonsa ya faɗa kan Zaharadden. Ya tuɓe takalmi ya shiga. Bai yi zaton mutum mai tsayi haka zai yi rashin nauyi irin wannan ba.

Kwana uku aka jera kujeru a ƙofar benen tsakanin magariba da isha don karɓar gaisuwa. Munir ya zaunar da shi kusa da shi a layin dangi. Wasu tsofaffi biyu suka zo daga Ruwais, ɗaya da sanda, suka ce tare suka yi ƙuruciya, suka yi Hausa irin tasa mai Larabci a ciki, suka sha gahawa suka tafi. Sauran kujerun haris ya riƙa kakkaɓe su yana sake jerawa.

A rana ta huɗu Wejdan ta hau kwashe kaya. Ba su da yawa. Ta tsaya a gaban gwangwanayen, a lokacin fure goma sha ɗaya ne a buɗe, jajaye, suna kaɗawa a ƙarƙashin buhunan fulawa.

"Abuya kullum a waya, khashkhash, khashkhash," ta ce, tana haɗa Hausar da ƙyar. "Ni na ce masa bari. Na yi faɗa." Ta share ido da gefen mayafi. "Ya ce kai kana kawo ruwa. Kullum. Ya ce Allah ya ba shi walad, ɗa, a tsufa."

Zaharadden ya buɗe baki zai gaya mata kwanakin da bai hawo ba. Ya ga yadda take kallon furannin, ya ce, "Allah ya jiƙansa."

Ta ce mai gidan ya ba da ɗakin ga wani, yana so a share rufin kafin azumi, saura kwana tara. Ita ba za ta iya shiga jirgi da su ba. Ya yi yadda ya gani.

Ya ci gaba da ba su ruwa har safiyar ƙarshe. Kwansunan sun fito da 'yan hulunansu kamar yadda aka faɗa masa, amma kore shar. Ya tsinke mafi girma ya girgiza a kunne, bai ji komai ba. Ya fasa da farce. Irin fari ne, laushi, ya narke a yatsansa. Ya tumɓuke su duka da hannunsa, ya cusa a buhunan fulawar, ya ɗaure, shi da haris suka sauke gwangwanayen. Suka bar da'ira tara ta tsatsa a kan siminti.

An sabunta masa iƙama a mako na biyu na azumi. Ya kira Hindatu ya gaya mata, ta yi guɗa, yara suka karɓe wayar. Ta ce muryarsa wani iri, ya ce azumi ne.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya, bayan la'asar, ya ɗauki tasi zuwa maƙabartar. Ya tuna sun shiga ta ƙaramar ƙofa, sun yi dama, sun bi gefen katanga. Ya bi hanyar. Amma a nan ba a rubuta suna, kowane kabari dutse biyu ne, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, kuma an ƙara layi biyu tun ranar. Ya je ƙarshen layi ya dawo. Ya tambayi mai gadi, wani dattijo da ke jan tiyo, mutumin ya tambayi ranar da aka binne, ya yi lissafi da yatsu, ya nuna da haɓa.

"Tsakanin nan da can. Ɗaya daga cikinsu."

Kaburbura goma sha huɗu ne tsakanin nan da can. Zaharadden ya tsaya a tsakiyarsu, ya yi sallama, ya ɗaga hannu. Inuwar katanga ta miƙe ta rufe layin ɗaya bayan ɗaya. A bakin ƙofa mai gadin ya shimfiɗa leda a ƙasa, ya jera dabino da kofin ruwa, ya ɗago ya dubi mutumin da ke tsaye shi kaɗai a cikin duwatsu, sannan ya ciro kofi na biyu.